Burtu a Bakin Bindiga

Maharazu mahalbi ne ɗan mahalbi, a wani ƙauye mai gida arba'in kusa da Kanan-Bakashe. Bindigarsa adaka ce da ya gada, kuma tun shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka hana farauta, ba ta sake kwana a fili ba. A cikin jinkar ɗaki yake soke ta, naɗe da fatar akuya. Sau biyu ko uku a shekara yakan zaro ta, ya shafa mata mai, ya yi nisa cikin daji inda ba kunnen da zai ji, ya dawo da barewa ko zabi. Kowa a garin ya sani, ba mai faɗi.

Bazarar 1985 ta same su babu komai. Daminar bara ba ta ba da ko dami goma ba a gonarsa. Hatsi ya ƙare tun sanyi, aka koma dusa, dusa ta ƙare aka koma anza, wadda sai an jiƙa ta kwana uku kafin ɗacinta ya fita. Rabin mazan garin sun yi kudu. Maharazu bai tafi ba saboda matarsa Saudatu tana goyon 'yarsu Biba, wata bakwai, kuma nonon ya soma ɗaukewa. Yarinyar ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan gurnani kamar na mage.

Labarin tuje, babban tsuntsun dajin nan, daga bakin Gazali ya fito. Gazali Buzu ne makiyayi, ya sauko daga arewa da raƙuma tara da awaki masu yawa, yanzu akuya biyu suka rage masa, ya kafa 'yar bukka a bakin gari. Ran nan da hantsi ya zo ƙarƙashin gawon da maza ke zama, ya tsuguna, ya gyara rawaninsa.

"Jiya na ga tuje a gulbi," ya ce. "Namiji. Tsawonsa ya kai nan." Ya nuna ƙugunsa. "Yana ta kumbura wuya yana juyi, ko kallona bai yi ba."

Duk suka dubi Maharazu, shi kuma ya dubi Na Allah, ƙanen mahaifinsa, wanda ya koya masa riƙon bindiga. Na Allah ya tsufa, ido ɗaya ya mutu, amma har lokacin in ana maganar daji shi ake saurare.

"Ku bar shi," in ji Na Allah. "Neman mata yake. In tuje ya kumbura wuya hankalinsa ya tafi, ko mace mai tulu za ta iya kusantarsa. Wannan ba farauta ba ce. Kuma in ka kashe shi yanzu, matan da ke kewaye da shi ƙwan wofi za su yi. Mu ba mu taɓa halbin tuje ba tsakanin zafin nan da faɗuwar ruwa. Ubanka bai yi ba."

"Baba, ubana bai ga irin wagga shekara ba."

"Ya ga wadda ta fi ta. Ina tare da shi."

Wani daga cikin mazan ya ce tsuntsu dai tsuntsu ne, Allah ya halatta shi rani da damina. Wani ya ce shi ba tujen ne damuwarsa ba, motar soja ce, don sau biyu aka ga sawunta a gulbi cikin satin nan. Daga nan aka tuna Salifu na ƙauyen gabas, wanda aka kama da bindiga shekara uku da suka wuce. Wata takwas ya yi a gidan kaso. Da ya dawo kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa ba. Hirar ta mutu a nan.

Maharazu ya koma gida ya tarar da Saudatu tana ɗiga wa Biba ruwan anza da yatsa. Ya tsaya yana kallo. Sannan ya shiga ɗaki ya miƙa hannu cikin jinka.

"Maigida," ta ce daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, "in suka kama ka, wa za ya haƙa mana rami in ta mutu?"

"Romo guda za ki sha nonon ya dawo."

"In suka kama ka fa?"

Ya ɗura albarushi, ya zuba 'yan guntayen ƙarfe, ya danna da tsumma. Ya ɗauko burtunsa, wato kan tsuntsun nan baƙi mai dogon baki da jan maƙogwaro, wanda aka ɗaura a kan itace mai lanƙwasa. Mahalbi yakan ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, namun daji su ɗauka tsuntsu ne su bar shi ya matso.

Washegari da ya sallame sallar asuba ya fita, bindigar cikin tabarma kamar mai zuwa yankan kaba. Rana ta ɗaga kafin ya kai Gulbin Kaba. Gulbin ba ruwa, yashi ne shimfiɗe da goruba tsaye nan da can, da kututturan kaba masu kai wa mutum ƙirji. Ya ga gawar shanu uku a hanya, fata ta manne da ƙashi. Ya ga sawun taya kuma, amma iska ta soma cike shi, ya ce a ransa na shekaranjiya ne.

Ya sami tujen inda Gazali ya kwatanta. Yana tsaye a kan wani ɗan tudu, wuya ya kumbura fari fat, wutsiya a ɗage ta kwanta bisa baya, fukafukai suna jan ƙasa. Ya yi taku uku ya tsaya, ya juya, ya saki wata ƙara mai kauri daga maƙogwaro. Maharazu ya ɗaura burtu, ya yafa zane, ya durƙusa ya soma rarrafe.

Yashin ya riga ya ɗau zafi, yana cin gwiwa da tafin hannu. Ya yi taku biyar ya duƙar da kai kamar mai tsince, ya ɗaga, ya ƙara biyar. Yunwa ta sa idonsa yana ganin wasu ɗige-ɗige baƙaƙe. A haka har ya kai bayan wani kututturen kaba, tsakaninsa da tsuntsun bai fi taku ashirin da biyar ba. Ya zaro bindiga ya ɗora bakinta tsakanin ganyen kaba, ya ja kunamar bindigar baya a hankali.

A nan ya ga macen. Tana kwance a gindin tudun, launinta ɗaya da ƙasa, sai ido kawai ke motsi. Can gefe ga wata tana tafe a hankali. Namijin ya juyo ya ba shi ƙirji gaba ɗaya, a buɗe, ko makaho ba zai kuskure ba. Maharazu ya ji yatsansa ya yi nauyi. Bai taɓa halbin abin da ya tsaya masa haka ba. Ya ce a ransa bari ya juya tukuna. Tsuntsun ya juya, ya sake juyowa. Ya ce bari numfashinsa ya daidaita. Ya tuna gurnanin Biba, ya matse gindin bindiga a kafaɗa.

Sai ya ji ƙugin mota.

Daga yamma take tahowa, cikin gulbin, a hankali saboda yashi. Ya sauke kunama da yatsa biyu don kada ta yi ƙara, ya tura bindigar ƙarƙashin kaba, ya lafe. Ya yi niyyar cire burtun, amma motar ta riga ta fito daga bayan goruba, kore ce mai buɗaɗɗen baya, kuma duk wani motsin hannu za a gani. Ya bar kan tsuntsun a tsaye bisa kaba yadda yake. Tujen ya sauke wuya, ya yi sassarfa, ya buɗe fukafukai ya tashi da nauyi, matan suka bi ta ƙasa suka ɓace.

Motar ta tsaya a inuwar wata goruba, taku sittin ko saba'in daga inda yake. Aka kashe inji. Mutum uku suka sauko: direba, da wani gajere mai furfura a gemu wanda sauran ke ce wa ajudan, shi ne babbansu, da wani dogon soja mai bindiga a kafaɗa. Direban ya buɗe gaban mota, tururi ya tashi. Za su jira ta huce ke nan.

Maharazu ya shiga karanta duk addu'ar da ya sani. Zufa na gangarowa daga ƙarƙashin igiyar burtu tana shiga idonsa, ba halin sharewa. Tururuwa ta hau ƙafarsa. Yana jin muryoyinsu sarai, suna maganar ruwa, suna maganar wani da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Tasawa. Ya ce a ransa in Allah ya so za su gama su wuce.

"Mon ajudan," in ji dogon, "dubi can. Burtu."

"Ina?"

"Bisa kabar can. Ga kansa."

"To, sai mi?"

"Nama ne. Kwana shida rabonmu da nama."

"Ana cin wannan abin, Abdussalamu?"

"A garinmu ba a ci. Amma nan ba garinmu ba ne."

Suka yi dariya. Maharazu ya ji ƙarar ƙarfe, ƙwas-ƙwas, irin wadda bindigar soja ke yi in an sa mata harsashi. Ta tsakanin ganye ya ga dogon ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya kwantar da kunci bisa bindiga. Bakinta ya zama ɗan baƙin rami, yana kallonsa daidai. Kan burtun yana bisa goshinsa da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. In sojan gwani ne zai nemi jikin tsuntsun, ƙasa da wuya, cikin kaba. Nan fuskarsa take.

In ya tashi, ga bindiga a gefensa, ga burtu a kansa, ba abin da zai faɗa. Ya tuna Salifu zaune a kasuwa yana juyo da kunne ɗaya. In ya lafe, wataƙila a kuskure shi, wataƙila ajudan ya hana. Ya jira ajudan ya hana. Ajudan yana kunna taba.

"Bai motsi," in ji sojan. "Ka gan shi kamar gunki."

"Halba mu gani, in za ka halba."

Maharazu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ji dai muryarsa tana fita, siririya kamar ba tasa ba: "Mutum ne! Mutum ne! Don Allah mutum ne!" Hannuwansa biyu a sama, zanen ya zame, kan burtun yana rawa a goshinsa.

Sojan ya saki wata ƙara, ya kauda bindigar gefe, ta tashi. Harsashin ya bugi goruba can hagu, ɓawo ya watse. Sojan ya zauna daɓas a yashi, bindigar a cinyarsa, yana ta faɗin innalillahi.

Ajudan ya jefar da tabar ya taho da kansa. Bai yi sauri ba. Da ya iso ya dubi Maharazu daga sama har ƙasa, ya fizge burtun har igiyar ta yanke masa kunne, ya ɗauke shi da mari guda wanda ya kai shi ƙasa. Sannan ya sa ƙafa ya jawo adakar daga ƙarƙashin kaba. Ya shinshina bakinta.

"Ba ka halba ba."

"Ban halba ba, ranka shi daɗe."

"Mi ka zo nema?"

"Tuje."

"Wanda ya tashi da muka iso? Tun yaushe kake nan?"

"Na ɗan jima."

"Ka jima, yana gabanka, ba ka halba ba. Don mi?"

Maharazu shi kansa bai sani ba ko da motar ta ƙara minti ɗaya da ya halba. Ya ce, "Ɗiyata ce ba ta da lafiya. Uwar ba nono."

"Ba shi na tambaye ka ba. Tashi. Ka san doka?"

"Na sani."

"To, Mayahi za mu, gidan kaso."

Aka sa shi a bayan mota tare da dogon sojan. Ba a ɗaure shi ba, ba inda zai gudu. Motar ta tashi suka bi gulbin. Maharazu yana kallon gorubar da ya sani suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, yana tunanin Saudatu za ta jira har la'asar, sannan ta je wurin Na Allah, kuma ba wanda zai san ko yana raye. Sojan yana zaune gabansa, ya kasa kallonsa. Can ya ce a hankali, "Saura kaɗan. Wallahi yatsana ya riga ya soma ja." Ya miƙa masa gorar ruwa. Maharazu ya sha, rabin ya zube a ƙirjinsa.

Ba su yi tafiyar kilomita uku ba motar ta tsaya. Ajudan ya leƙo ta taga yana nuni. Tujen ne, ya sauka a wani fili, kuma har ya soma kumbura wuyan nan nasa, shi kaɗai, ba ko mace kusa.

Ajudan ya sauko da adakar a hannu ya zagayo baya. Ya miƙa wa Maharazu.

"Sauko. Kai ne mahalbi. Halbo mana shi."

Maharazu ya dubi bindigar bai karɓa ba. In ya halba a gaban mutum uku masu kaki, ya ba su shaida da hannunsa, abin da bai yi ba ɗazu ya yi shi yanzu. In ya ƙi, ya ƙi umarnin soja a tsakiyar daji inda ba mai gani. Ya nemi wani abu a fuskar ajudan da zai gaya masa wanne ne tarkon. Ba komai a fuskar sai gajiya.

"Ranka shi daɗe, in na halba, za a sake ni?"

"Ciniki muke?"

Ya karɓa. Ya yi gaba da sanɗa, ba burtu ba zane, yana jin idanunsu a bayansa. Tsuntsun bai kula ba. Ya durƙusa a taku talatin, ya ja kunama, ya ɗaga. Bakin bindigar ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana zagaye kamar ana kaɗa shi. Ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Tujen ya juyo ya ba shi ƙirji. Ruwan da ya sha ya taso masa har wuya. Ya ajiye bindigar a yashi ya dafa ƙasa da hannu biyu ya yi amai.

"Ban iyawa," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Ku yi mini abin da za ku yi. Ban iyawa."

Ya ji takun takalmi yana matsowa, ya runtse ido.

"Abdussalamu, zo ka halbe shi," in ji ajudan.

Maharazu bai san wa ake nufi ba, shi ko tsuntsun. Fitsari ya kubce masa.

"Mon ajudan, ka yi mini rai," in ji sojan daga can. "Yau ban ƙara taɓa ta."

Ajudan ya yi zagi da Faransanci. Ya ɗauki adakar da kansa, ya riƙe ta sako-sako yadda ake riƙe bindigar soja, ya ja kunama. Ta yi ƙara kamar aradu, hayaƙi ya turnuƙe, gindinta ya doke shi a haɓa har hularsa ta faɗi. Da hayaƙin ya washe tujen yana sama, yana tafiya gabas lafiya lau.

Ba wanda ya yi dariya. Ajudan ya taɓa leɓensa ya ga jini. Ya daɗe tsaye yana kallon Maharazu, bindigar a hannu, riƙe ta baki kamar kulki. Maharazu ya rufe kansa da hannuwa yana jira. Sai ya ji duka, amma ba a jikinsa ba. Ajudan yana maka adakar a jikin goruba, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, har ƙotar ta tsage ƙarfen ya lanƙwashe. Ya jefa guntayen a bayan mota.

"Sunanka? Garinku?"

Ya faɗa. Ƙarya ba ta zo masa ba. Ajudan ya sa direba ya rubuta a wata takarda.

"Ba ni da esansi a mota na kai ka Mayahi in dawo. Tahi gida. Kada ka bar garin. Za mu zo."

Suka tafi suka bar shi. Ya kama hanya da rana tsaka, ba takalmi ɗaya, ya faɗi sau biyu kafin ya hango bukkar Gazali. Gazali ne ya kama shi ya kai shi gida. Saudatu ta dubi hannunsa wofi, ta dubi kunnen da ke jini da wandonsa. Ta kawo ruwa ta wanke masa ƙafa. Da yamma Na Allah ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya ji labarin tun daga farko, ya ce, "Allah shi kyauta," ya aika aka tatso akuyar Gazali aka kawo wa Biba ɗan abin da ya samu, bai cika ludayi ba.

Kwana goma sha biyu Maharazu bai fita ƙofar gida ba. Ko iska ta kaɗa dangar kara sai ya zabura. Ya gaya wa Saudatu gidan da za ta koma in an tafi da shi, ya maimaita mata har ta ce ya isa.

Ran sha uku da hantsi aka ji ƙugin mota, babba. Kafin Saudatu ta juyo ya haye rumbunsu ya faɗa ciki ya ja murfin. Rumbun wofi ne, sai ƙaiƙayi da zafi. Daga ciki ya ji maigari yana kiran sunaye da ƙarfi, gida-gida. Ya ji an kira nasa. Aka sake kira.

Saudatu ta zo ta buga jikin rumbun.

"Maigida, fito. Dawa ce aka kawo, rabo ake. Sun ce sai mai gida ya zo da kansa ya sa hannu."

"Da soja?"

"Biyu."

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ɗaga murfin ya sauko, ƙaiƙayi a gashinsa, ya bi ta zuwa dandali. Dogon sojan nan yana tsaye a gindin motar, ba bindiga a hannunsa, shi ke sauke buhuna. Suka haɗa ido. Sojan ya kau da kai, ya jawo buhu, ya auna tiya shida a zanen Saudatu. Malamin rabo ya kama babban yatsan Maharazu ya danna a tawada ya danna a takarda, ya ce, "Na gaba."

Maharazu ya tsaya yana jira a ce masa wani abu. Na bayansa ya ture shi. Saudatu ta ƙulle zanen ta ɗora masa a ka, ta ce ya yi sauri, tana son ta surfa kafin rana ta yi zafi.